Turmi Uku a Bakin Dam

Ni ne mutumin da ya taɓa sa matan unguwa guda a Kano suka kwashe shanya alhali babu ko ƙyallin hadari a sama. Da tafin hannuna da mudun gero da faifai ɗaya na yi wannan aiki. Aka sa wasan a rediyo da hantsi, ruwa ya kece a cikin akwatin rediyo, mata suka fito da gudu suna fizgar zannuwa daga igiya, wata har da tara bokiti a ƙarƙashin indararo. In kun ce ƙarya nake yi, ku zubar da rabi, abin da ya rage ma ya isa a sara mini. Na shekara ashirin da ɗoriya ina haɗa sauti, kuma na sha faɗa a bainar jama'a cewa ba a haifi kunnen da Sale Kwaram ba zai iya ruɗawa ba.

Ashe an haife shi. Tun kafin a haife ni aka haife shi, yana nan a Tiga manne da kan ƙanwar mahaifina, Gwaggo Hanne. Ita na yi wa alkawarin zan dawo mata da safiyar garinsu da ruwa ya cinye, ta ji da kunnenta. Wannan alkawari shi ne aiki mafi girma da na taɓa ɗauka, kuma shi ne na ƙarshe.

Saboda ku nake rubuta wannan, ku samarin da kuke cika mini benci a shagona na gyaran sifika a tashar Bebeji, kuna latsa waya kuna cewa, "Baba Sale, wai da gaske ne a da har aiki ake ɗaukar mutum don ya yi kukan ƙofa?" Ana ɗauka. Kuma wanda aka ɗauka ɗin sai ya shekara uku yana ɗaukar akwatin wani kafin a bar shi ya taɓa ƙofar.

Aikin farko da na gani da idona mari ne. Na je Kano da niyyar zama ɗan wasan kwaikwayo a wani gidan rediyo, aka gwada muryata, darakta ya ce in ana neman kwaɗo mai mura za a aiko mini. Maimakon a kore ni, sai aka tura ni kusurwar ɗakin ɗaukar murya, wurin wani gajeren dattijo da ake kira Malam Iro, wanda yake zaune a kan akwatin ƙarfe kamar mai gadin gawa. A ranar ana buƙatar ƙarar mari a cikin wasa. Ni da rawar kai na ce, "Malam, ai abu ne mai sauƙi, a mare ni kawai."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Ka yafe?"

Na ce na yafe.

Wallahi har yau in sanyi ya shigo ina jin yatsun mutumin nan a kumatuna. Sai da na ga garinmu da kasuwarsa. Aka mayar da kaset baya muka saurara, sai muka ji wani ɗan "tap", kamar an yar da silifa a tsakar gida. Daga nan ya buɗe akwatinsa, ya ɗauko wata tsohuwar fata da ya jiƙa da ruwa, ya shauɗa wa kabewa. Da aka kunna, har mai shara sai da ya dafe kunci.

Ya ce, "Ka gani? Makirufo maƙaryaci ne. In ka ba shi gaskiya ɓata ta zai yi. Ka ba shi ƙarya mai kyau, shi zai mayar maka da ita gaskiya."

A kan wannan magana na gina rayuwata kaf. Ku riƙe ta, don ita ta ciyar da ni, ita kuma ta kayar da ni.

Akwatin Malam Iro, in ɓarawo ya sace shi, sai ya dawo da shi da kansa ya haɗa da sadaka. Babu komai a ciki sai tarkace. Zaren tsohon kaset da aka cukuikuye, shi ne tafiya a cikin busasshiyar ciyawa. Ledar burodi in ka murza ta a hankali, gobara ce. In ka murza da sauri, suyar ƙosai ce. Guntun kwanon rufi shi ne aradu. Ƙoƙo biyu a kan tiren yashi, jaki ne, kuma dole ka san jakin da ya ɗauko mangala da wanda yake komawa gida wayam, don ba tafiyarsu ɗaya ba. Ruwan sama kuwa iri biyar muke da shi: na kan kwano, na kan jinka, na kan ganyen masara, yayyafin da ba ya hana zuwa kasuwa, da kuma wanda ake yi ranar da za a ba jarumi labarin mutuwa.

Ƙofa ita ce jarrabawa. Wani katako ne da ƙusa da tsohon fata a jiki, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba. Malam Iro zai juya mini baya ya ce, "Maigida ya dawo da fushi." In yi. "Matarsa ta leƙa ta ga ko ya huce." In yi. "Ɓarawo." In yi. Sai ya ce, "Wannan ɓarawon naka ko kurma ne mai gidan ya kama shi. Sake." Sai a shekara ta uku ya saurara, ya ce, "To, an shiga." Iyakar yabon da na taɓa samu a bakinsa ke nan, kuma na yi sati ina taƙama da shi.

Da finafinai suka buɗe, sai kasuwa ta zo mana har gida. Akwai wani fim da na yi wa faɗa, mutum bakwai suka tarar wa jarumi a bayan kasuwa. Kankana huɗu na fasa, na karya rake ɗauri guda don ƙasusuwa, na murɗe kabeji don wuya. Daɗin wannan sana'a, in an tashi aiki kai ne za ka cinye waɗanda aka kashe. A shekarun nan na yi ƙibar da sai da tela ya riƙa auna ni da igiyar guga. Daraktoci kuwa kowa da ciwonsa. Wani ya ce in yi masa kukan jaki, amma mai ban tausayi, wai jakin ya san abin da ya sami maigidansa. Na yi masa. Ya share hawaye ya ce in ƙara masa nadama kaɗan.

Ranar da sana'ar ta mutu, babu wanda ya yi mata salla. Na shiga wani situdiyo da akwatina a ka, sai na tarar da sabon mai tace fim a gaban kwamfuta. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Baba, ajiye ka huta, zo ka ga wani abu." Ya latsa, sai ga ƙofofi sun fi dubu a jere. Ya latsa, ga ruwan sama, ga tsuntsaye, ga mari kala-kala. Na saurara. Ƙofofin duk na ƙasashen sanyi ne, masu nauyi, masu hannun ƙarfe. Na ce, "Ɗana, ai wannan ƙofar banki ce, kai kuma fim ɗinka a ƙauye ake yi, ƙyauren kara ne a ɗakin." Ya ce, "Baba, wa zai lura?"

Na ci dariya na tafi gida ina jiran jama'a su yi bore. Fim ya fito. Tsohuwa ta ɗaga ƙyauren kara, aka ji ƙofar banki ta rufe, a kan bishiyar kuka kuma wani tsuntsu yana kuka wanda ko a mafarki bai taɓa ratsa sararin Kano ba. Babu wanda ya ce uffan. Ba kwamfuta ce ta kashe mu ba, wannan shirun ne. Malam Iro ya rasu bayan 'yan shekaru, magadansa suka sayar wa 'yan gwangwan akwatin a kan nauyin ƙarfensa. Ni kuma na tattaro na dawo Bebeji, na koma liƙe sifikun da suka yage da ba da hayarsu a wurin walima.

Sai muguwar shekara ta zo. Ruwa ya ɗauke gero yana ciki, ya tsaya a gona kamar tsintsiyar da aka kafa. Kafin kaka ta yi nisa mudu ya hau sama ya ƙi saukowa. Masu biki suka koma ɗaurin aure a masallaci kowa ya kama gabansa, babu mai hayar sifika. Na kai ina zama a shago in yi wa kaina ƙarar ciniki da murafen lemo don kar maƙwabta su raina ni.

A cikin wannan hali wata mota ta tsaya a ƙofar shagona, wata mace mai tabarau ta fito tana tambayar Sale Kwaram. Sunanta Malama Safiya, tana koyar da wasan kwaikwayo a wata jami'a. Ta ce ta ji labarina a wurin tsofaffin ma'aikatan rediyo, kuma tana shirya wani irin wasa da ake yi yanzu a manyan birane.

Na ce, "Su wa za su fito a ciki?"

Ta ce, "Babu 'yan wasa, Malam Sale."

"To labarin fa?"

"Babu labari."

Na ce, "Malama, to wa zai mutu?"

Ta yi dariya har da cire tabarau. Ta ce babu mai mutuwa. Mutane ne za su zauna su saurari ayyukan yau da kullum ana yin su a gabansu, shara, jan ruwa, wanke-wanke, amma a tsara su bi da bi, kowanne da lokacin shigarsa da na fitarsa, har kunne ya ji abin da ya saba wucewa bai ji ba. Na ce ashe uwargidana ta shekara ashirin tana wannan fasaha a gidana ban taɓa yi mata tafi ba.

Sai ta tambaye ni, "A nan yankin, wane sauti ne ya ɓace wanda ba za a same shi a kowace kwamfuta ba?"

Ban ma yi tunani ba na ce, "Rafin Gawo."

Rafin Gawo shi ne garin iyayena. Yana ƙarƙashin ruwan dam ɗin Tiga yanzu, da rijiyoyinsa da kusheyinsa. Ni bayan an taso aka haife ni, ban taɓa ganinsa ba, sai dai in masunta sun bi da ni ta wani wuri a kwalekwale su nuna ruwa da filafili su ce, "Nan ne." Babu hotonsa, babu kaset ɗinsa. Yana cikin kan 'yan tsofaffi ne kawai. Malama Safiya ta miƙe tsaye a cikin shagon, ta ce wannan za mu yi.

Washegari na sayi goro na tafi Tiga wurin Gwaggo Hanne. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana gyaran kuɓewa, ta ce, "Salele, yau kuma wace ƙaryar ka kawo mana?"

Na ce, "Gwaggo, so nake ki faɗa mini abin da kike ji in gari ya waye a Rafin Gawo. Ba abin da kike gani ba."

Ta ajiye wuƙa. Sannan ta fara jerowa kamar mai karanta allo. Bayan an fito daga masallaci, ƙyauren gidan Liman ne yake fara kuka, don shi kaɗai ne mai jan ƙasa. Sai tsintsiya. Sai igiyar guga tana gurzar itacen bakin rijiya, gugan kuma na duma ne, in ya faɗa ruwa ba ya cewa "fal" irin na roba, "bum" yake cewa. Sai a buɗe akurki. Sai maƙeri ya fara zuga. Sai daka ya tashi daga gida zuwa gida har ya rufe komai.

Na ce, "Gwaggo, zan dawo miki da wannan safiyar. Ki ji ta da kunnenki a bakin ruwan nan."

Ta ce, "Kai dai Allah ya ba ka baki. Mu goma sha ɗaya muka rage da muka yi wayo a garin nan, waɗansu sai an ɗauko su a amalanke. In na ce su fito za su fito. Amma Salele, kar ka sa in tara tsofaffi a rana a banza."

Na dafa ƙirji na yi rantsuwar da ta fi ƙarfina.

Neman kaya ya ci mana wata guda. Itacen bakin rijiya a wani kango a Kiru na samo shi, igiya ta yi masa zane har bakwai, kowanne ya kai zurfin yatsa. Mai kangon ya ɗauka tsafi zan yi, sai da na yi masa kukan zakara da tafin hannu ya yarda mahaukaci ne kawai. Ƙyauren kara a Dangora wani tsoho ya saƙa mini. Maƙeri mai zuga-zugin fatar akuya sai a Tudun Wada, shi ma ya rataye su ya koma walda, da ƙyar ya tuna inda ya jefa masabarsa. Duma kuwa na fafe guda shida kafin na sami wanda ya ce "bum" a cikin randa yadda Gwaggo take so. Kowanne in na kai mata sai ta ce, "Wannan rijiyar wani garin ce."

Daka ne ya ba ni wuya. Turmi uku na kirya na samo a Doguwa, masu nauyin da sai ƙarti biyu. Amma wa zai daka? Daga Bebeji har Tiga kowa inji yake kaiwa. 'Yan matan da na gwada, minti biyar suka yi suka ce kafaɗa. Lugude nake nema, irin wanda mata uku za su haɗu, wannan ta saukar wannan ta ɗaga, a cilla taɓarya sama a tafa a cafe ba a rasa bugu ba. Sai a wata ruga bayan Doguwa na sami Inna Dije, Bafulatana mai fura, da ƙannenta biyu, waɗanda har yau hannunsu bai rabu da taɓarya ba. Da na yi mata bayani, ta dubi 'yan'uwanta ta ce, "Kun ji Kaɗo. Wai mu yi daka mutane su zo kallo. Gobe kuma sai ya ce mu yi atishawa a biya mu."

Gwajin farko a bayan shagona muka yi. Malama Safiya ta kawo rabin buhun gero, abin da a shekarar nan sai da na rufe shi da tabarma don idon mutane. Na kafa makirufo a gindin turmi, na sa abin sauraro a kunne, aka zuba gero aka fara. Minti biyun farko, daɗi kamar me: ƙaras-ƙaras, tsaba tana tsalle. Can sai sautin ya fara sauyawa. Ya yi nauyi, ya dushe, ya koma wani luf-luf kamar ana dukan katifa. Na ce a tsaya, a juye, a zuba sabo. Haka ya sake yi. Ni kuma rabin sa'a nake so daka ya riƙe, don shi ne ƙashin bayan wasan.

Nan Malam Iro ya yi magana a cikin kaina. Na hau babur na tafi rafi, na ɗebo yashi na tankaɗe shi, na yayyafa masa ruwa, na cakuɗa da dusa da ɗan tsakuwa kaɗan. Na zuba a turmi na buga da kaina. Jama'a, ku zo ku ji! Sauti cikakke, mai gindi, mai ɗan ƙaras a sama, kuma ko kwana za a yi ana dukansa ba zai sauya ba. Na miƙa wa Malama abin sauraro. Ta lumshe ido ta ce, "Wannan ne. Wannan ya fi na gasken ma."

Inna Dije ta leƙa cikin turmin, ta ɗago ta dube ni.

"Kaɗo, ƙasa za mu daka?"

Na ce, "Inna, ba ƙasa ba ce, geron Turai ne, ba ya ƙarewa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ni in ina daka, hatsin ne yake gaya wa hannuna inda aka kai. Wannan ba ya cewa komai. Ta ina zan san na gama?"

Na ce, "Ni zan ɗaga miki hannu."

Ta ce, "Tun da uwata ta haife ni namiji bai taɓa gaya mini daka ya yi ba."

Na yi ta zuba mata barkwanci, na yi mata kukan saniyar da ta ga mai karɓar haraji, ƙannenta suka yi ta dariya, ita ko gezau. Abin da ya karya ta daban ne. Na ce in sun yarda da yashi, geron nan rabin buhu nasu ne, su tafi da shi ruga yadda yake. Ta dubi buhun, ta dubi ƙannenta. A shekarar nan babu mai 'ya'ya da zai ce a'a. Ta ɗauki taɓarya ta ce, "Alhakin a wuyanka."

Ranar wasa da hantsi muka yi shi, a wani fili a bakin dam daidai inda masunta suke cewa garin yana ƙasa. Tsarin Malama ne, kuma tsari ne mai kyau: aka shimfiɗa tabarmi kowa ya fuskanci ruwa, mu kuma muna bayansu an kare mu da zana, don kada ido ya taya kunne. Tsofaffi goma sha ɗaya a sahun gaba, Gwaggo Hanne a tsakiya da sabon mayafi. Bayansu mutanen gari, sai baƙin Malama daga birni da kyamarorinsu. Na huda zana daidai idona.

Na ja ƙyaure a kan ƙasa. Wani tsoho a gaba, Baba Audu, ya ɗago kai kamar an kira sunansa. Aka shigo da tsintsiya. Na gurza igiya a kan itace, na saki duma a randa, ya ce "bum". Sai na ji wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, "Rijiyar gidan Liman!" Aka buɗe akurki, kaji suka yi nasu aikin ba tare da an koya musu ba. Maƙeri ya fara zuga, ya ɗora masaba, Baba Audu ya ɗaga hannu yana gaida wani mutum da ya rasu tun ina cikin zani. A bayan zana ni kuwa har na fara tunanin irin hular da zan sa in an kira ni birni.

Na ɗaga wa Inna Dije hannu. Turmi uku suka tashi.

Ban taɓa jin abu mai daɗinsa a sifika ba, kuma ba na jin zan ƙara ji. Matan nan suka yi luguden da ruwan dam ɗin kansa yake amsawa. Ta hudar zana na ga kafaɗun tsofaffin mata sun fara motsi tare da bugun, wata tana tafawa a cinya daidai inda ake cilla taɓarya. Minti biyar haka. Sai na ga Gwaggo ta karkata kai gefe ɗaya, kamar mai jiran sallama. Kafaɗarta ta tsaya. Ta kusa da ita ma ta tsaya. Suka dubi juna. A hankali duk sahun gaba ya daskare, babu mai motsi, daka kuwa yana ta tafiya, kyakkyawa, cikakke, bugu na ɗari kamar bugu na farko. Wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Wata ta yunƙura ta tashi, jikarta ta riƙe ta suka bar wurin. Na ce a raina, Sale, ka gama da su, daɗi ne ya yi musu yawa.

Da na sauke hannu, baƙin birni suka miƙe da tafi. Malama Safiya tana share ido a ƙarƙashin tabarau. Wani mai kyamara ya rungume ni har ya karya mini biro. Daga baya Malama ta kira ni sau uku a waya a kan mu kai wasan birni, har an ba da zaure. Ban je ba. Turamen suna nan a bayan shago, kaji suna ƙwai a ciki. Kafin damina ta zagayo, mutum huɗu daga cikin tsofaffin nan sun riga mu gidan gaskiya, Baba Audu na cikinsu, wadda ta tashi ta tafi ma tana ciki. Ko da a ce yau na san gyaran da zan yi, babu sauran sahun gaban da zan yi wa.

Ga abin da ya hana ni zuwa. Ana cikin tafin nan na zagayo gaba ina washe baki, na durƙusa a gaban Gwaggo Hanne. A sahunsu babu wanda ya tafa.

Na ce, "Gwaggo, kin ji Rafin Gawo?"

Ta ce, "Na ji rijiya. Na ji maƙera. Allah ya yi maka albarka." Sai ta ce, "Salele, me matan nan suke dakawa?"

Na ce, "Gero mana, Gwaggo."

Ta dube ni irin kallon da take yi mini tun ina satar ƙuli-ƙuli.

Ta ce, "Gero sau uku yake sauya murya kafin a juye shi. Daga ɗaki muke sanin gidan da zai riga kowa ɗora tukunya. Wannan tun da aka fara nake jira ya yi laushi, bai yi ba. Sau ɗaya na taɓa jin irin wannan daka a Rafin Gawo, shekarar da rumbuna suka ƙare. Kakarka ce take zuba ƙasa da ƙaiƙayi a turmi ta yi ta bugu, don ni da ubanka mu ɗauka abinci yana tafe mu daina kuka. Duk gidajen garin haka aka yi ta yi, har aka fara fitar da yara ana binnewa."

Ta miƙa hannu a ɗaga ta, ta gyara mayafinta.

"Duk safiyoyin da Allah ya yi a garin nan, Salele, wannan ka ga ya dace ka dawo mana da ita?"